Shagon littattafan da na sayo wa Inna Littafi Mai Tsarki

Idanun Inna sun fara gajiya, ƙananan baƙaƙe ba ta ganinsu ko da tabarau, shi ya sa na shiga neman Littafi Mai Tsarki na Hausa mai manyan haruffa. Wani dattijon ikkilisiyarmu ne ya yi mini kwatancen wani ɗan shago a nan Maradi, jingine da katangar wata majami'a. Ɗaki ɗaya ne, kanta biyu, da benci a ƙofa.

Na tarar da mai shagon, tsoho mai furfura, yana kaɗe ƙurar hunturu daga littattafai da tsumma. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, kuna da mai manyan baƙaƙe?" Ya ɗauko guda ɗaya tak da ya rage, baƙin bango, takardarsa mai ɗan kauri, ba irin wadda rubutun baya ke leƙowa ba. Ɗinkinsa ya yi kyau, ko ka buɗe shi a tsakiya yana kwanciya shimfiɗe a cinya. Daga Nijeriya ake kawo su ta hanyar Jibiya da Dan Isa, kuma ya ce mini lokacin da aka rufe iyaka a 2023 kantarsa ta kusa zama fayau.

Yana naɗe shi a takarda ya tambaye ni wa zan kai wa. Ban san lokacin da na buɗe masa cikina ba. Inna ta shekara talatin da wani abu a zumuntar mata, babu gidan rasuwa ko na haihuwa da ba ta kai tuwo ba, amma tun da ciwo ya kwantar da ita take tambayata da dare, "Anya abin da na yi ya isa?" Ni kuma sai in rasa ta cewa.

Baba ya warware takardar, ya buɗe Afisawa sura 2, ya sa yatsa a aya ta 8, ya ce, "Karanta, ɗana." Na karanta inda Manzo Bulus ke cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyautar Allah ce, ba don ayyuka ba, kada wani ya yi fahariya. Zan rufe, ya riƙe hannuna. "Mutane a nan suke tsayawa. Ƙara ɗaya." Aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin ayyuka nagari waɗanda Allah ya shirya tun da fari. Sai ya kai ni Yakubu sura 2, inda aka ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Ya ce in faɗa wa Inna tuwon da ta kai gidajen mutane ba kuɗin ceto ba ne, shaida ce cewa itacen yana da rai. Ya kuma tuna mini ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23, wanda hannuwansa ke kafe, ba abin da zai iya yi, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Wannan duka a tsaye, cikin minti goma, kuma bai nemi ya ƙara sayar mini da komai ba.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai a shagon, kuma na faɗa masa. Akwai wata ƴar ƙasida da ake sayarwa a bakin kanta, tana ba da labarin Martin Luta da gardamar da ya tayar da cocin Katolika a Jamus a 1517, sannan ta yanke cewa ƴan Katolika da ayyuka suke sayen ceto. Wannan ba adalci ba ne. Majalisar Tirent da kanta, wato babban taron shugabannin Katolika, a 1547, ta ce alherin Allah ne ke fara jawo mutum, ba cancantarsa ba. A 1999 kuma, a birnin Ogsburg, Katolika da Lutaran, wato mabiya koyarwar Luta, suka sa hannu a takarda guda cewa ta alheri kaɗai ake karɓarmu, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke kiranmu ga ayyuka nagari. Bambanci yana nan har yanzu, ban musa ba, amma a garin da mu Kirista ba mu da yawa, bai kamata a koya wa yara ƙarya game da maƙwabtansu ba. Baba ya saurara, ya ce zai sake duba ta.

Sauran ƙorafin ƙanana ne: littattafan bayani yawancinsu da Faransanci suke, na Hausa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ɗakin kuma da zafi in rana ta take. Ku je da safe.

Kuɗina bai cika ba, saura jika ɗaya, ya ce in kawo ƙarshen wata, ko suna bai rubuta ba. Na kai masa ranar Asabar. Inna ta sa zare a Afisawa 2, kuma yanzu ita ke karanta mini ayar da kanta, a hankali, yatsanta na bin layi. Ta aiko ni in tambaye shi ko za a samu littafin waƙoƙi mai manyan baƙaƙe, ya ce sai kaya sun iso daga Jos.