Chrome DevTools: me yake koya wa mai JavaScript game da hurumin mazubi da kalmar this?

Kayan aikin da wannan sharhi ya shafa ba a sayar da shi a kowane kanti, domin yana cikin burauzar Chrome tun asali, kuma duk wanda ya danna F12 a kwamfutarsa zai ga ya buɗe. Sunansa Chrome DevTools, kamfanin Google ne ke kula da shi, kuma ko da yake sassansa na da yawa, ɗan akwatin Scope da ke cikin shafin Sources shi kaɗai na sa a ma'auni. Tambayata guda ce: shin zai taimaki matashin da ke koyon rubuta manhajar intanet a Maraɗi, ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko mai koyo da kansa a gida, ya warware abubuwa biyun da suka fi rikita masu farawa a JavaScript, harshen da ake rubuta manhajar intanet da shi, wato iyakar hurumin mazubin bayani (sunan da ake ajiye ƙima a ƙarƙashinsa, da wuraren da ake iya ganinsa a rubutun manhajar) da kuma abin da kalmar this take nunawa a kowane wuri?

Na gwada shi a kan ƙaramar manhajar lissafi irin wadda ɗan kasuwar garin nan zai buƙata, mutumin da ke saro kaya daga Katsina ko Kano da naira, ya sayar a nan da sefa. A cikinta akwai mazubi mai suna canji wanda ke riƙe da farashin musayar kuɗin ranar, da wani abu mai suna kanti wanda ya ƙunshi jerin kaya da fonksiyon (gungun umarni da ake kira ya yi wani aiki) mai suna lissafa da ke fitar da jimla.

Yadda ake amfani da shi ba wuya. Ana danna lambar layin da ake zargi, alama shuɗiya ta bayyana, sai manhajar ta tsaya cak a wurin idan aiki ya iso. A daidai lokacin akwatin Scope yake jero mazuban da wannan layi ke iya gani, rukuni-rukuni: Block, Local, Closure, Script, sannan Global a can ƙasa. Wannan jeri shi ne babban alherin kayan aikin, domin haka injin JavaScript yake bin sawu idan yana neman suna, daga ciki zuwa waje, kuma da zarar ya samu sai ya tsaya. Tsarin kamar na gida ne, inda wanda ke cikin ɗaki zai iya ɗaukar abin da ke tsakar gida ko zaure, amma wanda ke zaure hannunsa ba ya kaiwa cikin ɗaki. Saboda haka idan aka rubuta canji sau biyu, ɗaya a waje ɗaya a cikin fonksiyon, mai dubawa zai ga su biyun a rukunai dabam, kowanne da ƙimarsa, ya gane nan take cewa na ciki ne ya tare na waje. Layin console.log, wanda yawancinmu muka fara da shi, ƙimar kawai yake bugowa, ba ya faɗin daga wane hurumi ta fito.

Inda ya fi burge ni shi ne tsohuwar matsalar maɓallai. A ce an yi madauki, wato umarnin da ke maimaita aiki, da ke ƙirƙirar maɓallai uku, na gero, na wake da na gyaɗa, aka kuma ayyana ma'aunin zagayen da var, tsohuwar kalmar ayyana mazubi. Duk maɓallin da aka danna, lamba 3 zai gani, alhali kayan suna matsayi na 0, 1 da 2 ne, don haka babu farashin da zai fito. Dalili shi ne var ba ta san iyakar madauki ba, iyakar fonksiyon kaɗai ta sani, sai maɓallan uku suka yi tarayya a mazubi guda wanda ya riga ya kai ƙarshe kafin kowa ya danna. Idan aka tsayar da manhajar, za a ga mazubin ɗaya tal a rukunin Closure, inda ake jera mazuban fonksiyon na waje. Da an sauya var da let, wadda ta shigo harshen a 2015 tare da const, kowane maɓalli zai bayyana da nasa mazubin a rukunin Block. Bayanin da malami zai ɗauki rabin darasi yana zanawa a allo, ido yana ganinsa a nan cikin ɗan lokaci. Ƙaramin aibi shi ne mazubin da aka ayyana da var a saman fayil yana faɗawa cikin Global, inda sai an tona ɗaruruwan sunayen burauzar kafin a same shi.

A batun this kuwa yabon nawa yana da iyaka. Gaskiya ne akwatin yana nuna ta a rukunin Local, kuma abin da yake nunawa yana da amfani ƙwarai. Idan aka kira kanti.lissafa() kai tsaye, this tana nuna kanti. Idan aka miƙa wannan fonksiyon ɗin ga addEventListener, wanda ke kiransa idan an danna maɓalli, sai ta koma nuna maɓallin da aka danna. Idan aka miƙa shi ga setTimeout, wanda ke kiransa bayan wani ɗan lokaci, sai ta nuna Window, wato tagar burauzar. Idan kuma aka ɗauke shi aka ajiye a wani mazubi aka kira shi tsirara a cikin tsauraren yanayin JavaScript (strict mode) da aka kawo a 2009, sai ta zama undefined, wato babu ƙima. Haɗarin ga mai kanti a fili yake: idan an ajiye canji a cikin kanti ana karanta shi ta this.canji, to maɓalli ba shi da canji, ninka kuɗi da abin da babu shi yana ba da NaN, wato "ba lamba ba", kuma burauzar ba za ta yi ƙorafin komai ba, sai dai a ga jimla maras ma'ana a gaban abokin ciniki. DevTools yana nuna cewa this ta sauya, amma ba ya faɗin dalilin sauyin. Ƙa'idar, wato cewa yadda aka kira fonksiyon ne ke tantance this ba wurin da aka rubuta shi ba, dole mai koyo ya zo da ita daga wani wuri, sannan ya haɗa da akwatin Call Stack don ya ga wanda ya yi kiran. Haka ma maganin, ko bind mai ɗaure this da abu guda ko fonksiyon mai kibiya (=>) wanda ke gadon this daga inda aka rubuta shi, ba a nan zai koye shi ba.

Akwai kuma tarkon da ya kamata duk mai koyarwa ya faɗa wa ɗalibansa tun da wuri. Injin V8 na Chrome ba ya adana mazubin waje idan babu fonksiyon na ciki da ya ambace shi, domin tattalin ƙwaƙwalwa. Sakamakon haka, mutum zai tsayar da manhaja, ya nemi mazubin da yake gani da idonsa layi biyu a sama, a ce masa babu shi. Haka nan fonksiyon mai kibiya wanda bai yi amfani da this ba yana iya nuna ta a matsayin undefined, alhali da an rubuta ta a ciki da ta nuna abin da ya dace. Gwani ya san wannan, amma ɗan koyo zai ɗauka ƙa'idar da ya karanta ce ba daidai ba, kuma a ganina wannan shi ne raunin kayan aikin mafi girma a matsayinsa na abin koyo.

Ta fuskar yanayinmu, yana aiki ba tare da intanet ba a kan fayil ɗin da ke cikin kwamfuta, wanda hakan sauƙi ne ga mai lissafin kuɗin data, kuma ana iya mayar da rubutunsa zuwa Faransanci daga wurin saiti. Sai dai babu shi a Chrome na wayar Android, alhali matasa da yawa waya ce kaɗai na'urarsu. Ana iya duba shafin da ke kan waya, amma sai an haɗa ta da kwamfuta ta igiyar USB, an kunna izinin masu gina manhaja a wayar, sannan an buɗe chrome://inspect. Wanda ya fi sabawa da Firefox zai sami akwati makamancin wannan mai suna Scopes a sashen Debugger, kuma gwajin maɓallai ukun nan yana fitowa a can ma.