Sandar nan mai kujera da na sayo wa Baba

Jama'a duk mai tsoho a gida ko mai jinya da ya fara samun sauƙi, ya nemi sandar nan mai ƙafa uku da ake buɗewa ta zama kujera. A kasuwar Sabon Gari na samo ta, tun da ciwon gwiwa ya sa Baba a gaba, likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki amma kar ya takura kansa. To bayan la'asar sai mu tari keke napep zuwa cikin ABU Samaru, ya taka a hankali a inuwar bishiyoyi, da ya ji ƙafa ta fara nauyi ya buɗe abarsa ya zauna ya ja carbi, ni kuma ina ta latsa waya.

Ba nauyi wallahi, alminiyam ce. Amma fa wurin zaman ƙarami ne, mai jiki zai ji jiki, kuma ba majingini. A ƙasa mai laushi irin ta bakin dam ɗin Kubanni nutsewa take, kwalta take so. Robar ƙafafun ma da wuri ta cinye, sai da mai faci ya yanko taya ya sa mana.