Miksar dijital ko ta analog?

Miksa ita ce na'urar da ke haɗa sautin makirfo da na kayan kiɗa kafin ya fita ta lasifika. Ta analog ba ta ɓoye komai: kowace makirfo da layinta, maɓallai duk a gabanka. Lasifika na fara kuka, hannu ya san inda zai kai ko da cikin duhu. Sai dai nauyi, ga tulin wayoyi.

Ta dijital, irin Behringer X32 da ta fito a 2012, tana ajiye saitin kowace tawagar mawaƙa. Danna ɗaya, maɓallan su zame da kansu su koma mazauninsu. Kana tsakiyar jama'a ma, da iPad za ka gyara sauti. Inda gizo ke saƙar shi ne shafukanta, domin aikin kowane maɓalli na canzawa daga shafi zuwa shafi: sabon hannu sai ya rage muryar mawaƙi, alhali ganga yake nufi. Ni ita zan ɗauka, amma sai na laƙance ta kafin ranar taro.