Raifil ɗaya don gasar 3-Gun da farauta a Amurka: abin dubawa kafin saye

Gasar da Amurkawa ke kira 3-Gun da bindigogi uku ake yin ta: doguwar raifil, da shotgan mai watsa ƙwayoyi, da fistol. Ɗan gasa yana gudu daga wannan matsaya zuwa waccan, agogo na ƙirga masa lokaci. Ya harbi allon kwali a yadi 10, ya juya ya nemi farantin ƙarfe a yadi 300 ko 400, duk abin da ya kuskure a ƙara masa daƙiƙoƙi. Maharbi kuwa zama yake yi cikin sanyin Nuwamba tun asuba, wataƙila ya yi harbi ɗaya tak a yinin, kuma harbin nan dole ya kashe dabbar nan take. Gasa tana son bindiga mai sauƙin duka a kafaɗa da harsashi mai araha. Farauta tana son harsashi mai nauyi da bindigar da ba ta ƙin tashi. Mai son bindiga ɗaya ta yi masa duka biyun, sai ya fara da tambayar dabbar da zai farauta, domin ita ce za ta zaɓa masa harsashi.

Bindigar da ake magana a kai ita ce mai ɗura wa kanta: jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya, sannan ta tofar da kwanso ta saka wani. Maganar kuma ta mazauna Amurka ce. Saye a kanti sai an cika fom 4473 an binciki tarihin mutum. Mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma wanda ke can da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai in ya faɗa cikin wasu ’yan keɓance-keɓance, kamar mallakar lasisin farauta. Jihohin Illinois da Washington sun hana sayar da raifil irin AR-15 a 2023, Kalifoniya da New York sun taƙaita magazin ga harsashi 10. Fitar da bindigar ko kayanta daga Amurka ba da izini ba laifi ne babba, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta yarda da mallakar bindiga ba sai da lasisin Shugaban Ƙasa ko na Sufeto Janar na ’yan sanda.

A filin gasa, AR-15 mai harsashin .223 Remington ko 5.56 ita ce ta mamaye ko’ina. Asalinta kamfanin ArmaLite ne, daga ƙirar Eugene Stoner, kafin Colt ya sayi haƙƙinta a 1959. Nauyinta kilo uku da ɗan wani abu, magazin ɗinta na cin 30, dukanta bai taka kara ya karya ba, kuma kayan gyaranta sun cika kasuwa. Matsalarta a daji take. Ƙwayar harsashin ’yar ƙarama ce, giren 55 zuwa 77, wato giram uku da rabi zuwa biyar. Ta isa karen dajin da suke kira koyot. A kan barewar Amurka tana aiki in an yi kusa, an saka ƙwayar farauta irin Federal Fusion mai giren 62 ko Barnes TSX, kuma an sami ƙirji daidai. Sai dai Colorado da Washington suna buƙatar kaurin inci .24 zuwa sama ga manyan dabbobi, Virginia kuma .23 ga barewa, don haka .223 ba ta ma shiga lissafi a can. Pennsylvania ta fi tsauri: ba a farautar barewa da raifil mai ɗura wa kanta kwata-kwata.

Babbar yayarta AR-10, mai .308 Winchester ko 6.5 Creedmoor, ta raba gardama a daji, tun daga barewa har elk, wata ƙatuwar barewa. A gasa kuwa wahala ce. Ta fi nauyi, sau da yawa kilo huɗu tun kafin a ɗora madubin saiti, bakinta na ɗagawa bayan kowane harbi, magazin ɗinta na cin 20, kuɗin harsashinta ya kusa ninka na .223. Akwai rukuni na musamman da ake kira Heavy Metal domin masu .308, amma ’yan takararsa kaɗan ne, ba kowace gasa ke buɗe shi ba. Wani abin da masu saye ke ganowa a makare: AR-10 ba ta da ma’auni ɗaya. Akwai ƙirar DPMS, akwai ta ArmaLite, kuma kayan wannan ba sa shiga waccan. Ruger ya fito da SFAR a 2022, mai .308 a gangar jiki ƙarama, kilo uku da ’yan kai. Daɗin ɗauka gare ta a tudu, amma rashin nauyin yana dawo da dukan kafaɗa. Bindigogin farauta zalla irin Browning BAR da Benelli R1 ba su da gurbi a gasa, harsashi huɗu ko ƙasa da haka suke ci. Ruger Mini-14 tana da masoya, sai dai canza magazin ɗinta na cin lokaci.

Shawarar da ta fi ma’ana ga yawancin mutane ita ce AR-15 mai rabin ƙasa ɗaya da rabin sama biyu. Bindigar ƙusoshi biyu ne ke riƙe da ita. Ka tura su, rabin sama mai ɗauke da bututu da sakata (ƙarfen da ke tura harsashi ciki ya kulle shi) da madubi ya fita, ka ɗora wani cikin minti ɗaya. Rabin ƙasa, inda kunama da ƙota suke, shi ne doka ke ɗauka a matsayin bindiga, shi ke ɗauke da lamba. Hannunka ya saba da kunama ɗaya da ƙota ɗaya duk shekara, kowane madubi kuma na zaune a kan bututunsa da saitinsa.

A rabin gasa, bututu shi ne abin fara dubawa. Inci 16 ne mafi gajarta da doka ta yarda ba tare da rajistar tarayya ta musamman ba, amma ’yan gasa da yawa sun fi son inci 18. Dalilin yana cikin yadda bindigar ke aiki. Akwai ƙaramar huda a jikin bututu da ke ɗibar hayaƙin albarushi ta mayar da shi baya ya tura sakata. In hudar tana kusa, kamar inci 7 daga ɗakin harsashi, hayaƙin na zuwa da ƙarfi, sakata ta buga da zafi. In tana wajen inci 12, wanda bututun inci 18 ke ba da dama, turin na zuwa a hankali, ɗigon saiti bai cika barin allo ba. Wanda ya zaɓi inci 16 ya nemi mai huda a tsakiya, wajen inci 9. Murɗin cikin bututu ya zama 1:8, wato ƙwaya ta yi juyi ɗaya a duk inci takwas. Wannan na riƙe giren 55 mai araha na allunan kusa, ya kuma riƙe giren 77 na farantai masu nisa. Murɗin 1:9 sau da yawa ba ya daidaita giren 77, sai ka ga ƙwaya ta shiga allo a karkace. Ɗakin harsashi kuma a nemi 5.56 ko .223 Wylde, domin duka biyun suna cin harsashi iri biyun. Saka 5.56 a ɗakin .223 zalla yana ɗaga matsin wuta fiye da ƙima.

Kunamar da ke zuwa da bindigogi masu araha tana buƙatar jan laba shida zuwa takwas, ga kuma gargada. Ta gasa laba uku ce zuwa uku da rabi, irin Geissele SD-3G ko na Timney da Hiperfire. Tunda kunama a rabin ƙasa take, da ita za ka shiga daji, kuma yatsa mai safar hannu da sanyi ya daskarar ba ya jin laba uku. Kunama mai mataki biyu wajen laba huɗu da rabi, kamar LaRue MBT, ta fi dacewa da mai aiki biyu. Abin da zai rasa a gasa ɗan ƙanƙani ne.

Inda mutane suka fi cutar kansu shi ne wajen tausasa bindiga. Ana saka makullin hayaƙi mai daidaitawa, da sakata mara nauyi, a rage hayaƙin har ya zama da ƙyar yake tura ta. Kamfanin JP Enterprises na Minnesota ya yi suna a wannan, kuma bindigar da aka yi wa haka kusan ba ta motsi a kafaɗa. Amma an daidaita ta ne da harsashi iri ɗaya, a yini mai ɗumi, tana da tsabta. Da sanyi ya sauko, mai ya yi kauri, matsin albarushi ya ragu, sai sakata ta kasa komawa baya sosai: ta fitar da kwanso ba ta ɗauko sabo ba, ko ta maƙale shi a ƙofa. Hanyar daidaitawa ita ce a saka harsashi ɗaya a magazin, a riƙa buɗe makullin kaɗan-kaɗan har sakata ta tsaya a buɗe bayan harbi, sannan a ƙara buɗewa mataki ɗaya ko biyu. Ɗan sukurun makullin kuma baƙin hayaƙi na kama shi ya ƙi juyawa in ba a motsa shi lokaci-lokaci. Rabin farauta dai a bar shi da cikakken hayaƙi da sakata mai cikakken nauyi. Haka birkin baki, ƙarfen nan mai hudoji da ke hana bututu ɗagawa: a gasa kowa na sanye da abin toshe kunne, a daji kuwa harbi ɗaya da shi ba toshiya yana iya lalata ji har abada.

Madubin saiti mai ƙara girman abu sau 1 zuwa 6 ko 1 zuwa 8 ya ishi aikin biyu. A rukunin gasa na Tactical Optics, wanda ya fi cika, madubi ɗaya aka yarda a kan raifil, babu ƙafafun tallafi, kuma galibi birkin baki kada ya wuce inci ɗaya a kauri da inci uku a tsawo. Dokokin na bambanta daga gasa zuwa gasa, a karanta kafin a kashe kuɗi. Vortex Razor 1-6 ya daɗe yana cin kasuwa, Strike Eagle da Primary Arms SLx su ne masu sauƙin kuɗi. Saiti a yadi 50 yana komawa daidai a wajen yadi 200. Raunin waɗannan madubai shi ne gilashin gabansu ƙarami ne, milimita 24, ba ya tara haske da asuba da almuru, lokacin da barewa ke fitowa. Rabin farauta ya fi son madubi 3 zuwa 9 mai gilashin milimita 40.

Harsashin rabin farauta ya danganta da jiha. 6.5 Grendel mai giren 123 ya isa barewa da aladun dajin da ke ɓarnar gonaki a Texas, har yadi 300 a hannun gwani. 6mm ARC na Hornady, da ya fito a 2020, yana kusa da shi. Dukansu suna buƙatar sakata da magazin nasu, kuma sakatar Grendel iri biyu ce, mai zurfin inci 0.125 da mai 0.136, dole ta dace da bututun. A Ohio, inda raifil ɗin barewa sai mai miƙaƙƙen kwanso, .350 Legend na 2019 ko .450 Bushmaster ake nema. Kalifoniya ta hana ƙwayar dalma a duk farauta tun Yulin 2019. Jihohi da dama na taƙaita yawan harsashin farauta, don haka a sayi magazin mai cin 5.

Hatsari mafi muni ga mai rabi biyu shi ne harsashin .300 Blackout. Magazin ɗinsa ɗaya da na .223, kuma yana iya zama cikin ɗakin .223. Aka ja kunama, ƙwaya mai kaurin .30 ta tarar da bututun .22, bindigar ta tarwatse a fuskar mai ita. Wanda ya zaɓe shi ya naɗa wa magazin ɗinsa tef mai launi, kada ya haɗa su a jaka ɗaya. Harsashin M855 mai koren kai kuma a bar shi a gida ranar gasa, yana lalata farantan ƙarfe, wasu alƙalai har maganaɗisu suke gwadawa.

Wajen kuɗi, Ruger AR-556 MPR mai inci 18 tana zuwa da doguwar hanyar hayaƙi, murɗin 1:8 da kunama mai mataki biyu, a ƙasa da dala 1,000. Daniel Defense da BCM suna sama da haka, JP kuma ta haura 2,000. Sabon ɗan gasa ya fi amfana da ta farkon, ya zuba ragowar kuɗin a madubi, magazin Magpul guda shida, da kwalin harsashi 1,000. Kafin ranar gasa ko buɗe farauta, a harba harsashi aƙalla 200, a gwada kowane magazin da za a yi aiki da shi, a rubuta musu lamba, wanda ya maƙale sau biyu a fitar da shi daga jaka.