Ramin katako kafin fenti: gam da garin katako, filar mota, ko a kira kafinta?

Jama'a damina ta wuce, an kai amfanin gona kasuwa, masu gyaran gida da masu shirin biki sun fara neman mai fenti, to dan Allah kar ka bari ya shafa maka fenti a kan rami. Ƙofar zaure ne, firam ɗin taga ne, katakon bakin kwano ne, duk inda ƙusa ta bar huda ko gara ta ci to ta nan ruwa zai shiga, katakon ya kumbura ta ciki fentin ya ɗaɗɗago tun kafin wata daminar ta raba.

Kafin ka sayi komai ɗauki ƙusa ka caki wajen. In ta nutse ko kaga jar ƙasa na zubowa to gara ce ko ruɓewa, sai an kankare har an tadda lafiyayyen katako, a shafa maganin gara irin su Solignum a barshi ya bushe sosai. Baƙin mai da muka saba shafawa a barwa katakon rufi, duk inda ya taɓa fila bata kamawa, fentin ma baƙin zai riƙa ɓullowa ta cikinsa.

Wajen cike ramin, mafi arha shine garin katako a kwaɓa da farin gam irin Top Bond, garin ma kyauta kafinta zai baka. Yana yi a ramin ƙusa da ƙaramar tsaga, musamman ƙofar da ke ƙarƙashin rumfa, amma in ya bushe yana lotsawa sai an ƙara cikawa, kuma farin gam baya shiri da ruwa, tagar da ke kallon gabas inda ruwa ke dukanta ni bazan sa mata shi ba gaskiya. Fotin da ake riƙe gilashi dashi shima iyakarsa kan ƙusa, ga daɗewa kafin ya bushe.

Wanda nafi yarda dashi a waje shine filar mota, wadda masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, in ka shiga Kano akwaita a Ƙofar Ruwa. Gwangwani ce da ɗan tub na hadina, kuma wlh ka tabbatar an haɗo maka da hadinan dan in babu shi bazata taɓa ƙamewa ba, sannan ka sa a buɗe gwangwanin a gabanka kar a baka wadda ta sandare. Kaɗan kaɗan ake kwaɓawa a kan guntun falanki, dan cikin kamar minti 5 ta fara tauri, a zafin nan namu ma bata kaiwa haka, ka danna ta da wuƙar fila har ta ɗan fi bakin ramin tudu, bayan minti 20 zuwa 30 ka goge. Matsalarta ɗaya bata motsi tare da katako, shi kuwa da hunturu ya tsuke da damina ya kumbura, shi yasa in ramin da zurfi ka kafa ƙananan ƙusoshi a ciki ta samu abin riƙewa, ka cika hawa hawa.

Gam ɗin Araldite ya fi ta kamu, in ka haɗashi da garin katako ya zauna kenan, sai dai tsada kuma tub ɗin ƙarami ne, na ramuka biyu uku ne a muhimmin waje kamar inda fatar ƙofa ta ci katako. Siminti da POP kuwa kar ma ka fara, zubowa suke.

Ramin da ya kai tafin hannu ko gindin firam da ya ruɓe ba aikin fila bane, kuɗinka kawai zaka zuba. Kira kafinta ya yanke wajen ya yi faci da busasshen katako mai ƙarfi irin maɗaci, in a 'Yan Katako na Na'ibawa zaka saya ka guji farin nan mara nauyi, gara na sonsa.

In an gama cikewa a goge da sanfefa lamba 80 a bi da 120, a kakkaɓe, a sa andakot, wato fentin shimfiɗa na farko, sannan fentin mai, hannu biyu, filar ma in an barta tsirara tana shan damshi. A duba ranar da iska ta kwanta, ƙurar hunturu in ta hau ɗanyen fenti sai an sake gogewa.