Sharhi: daren rawar keli da muka sayi tikiti muka shiga a Aberdeen

Tikiti fam 12 kowane mutum har da abinci, kuma ni dai a ganina kuɗin bai tafi a banza ba, amma akwai abubuwan da ya kamata mutumin gida ya sani kafin ya biya. Ni da Alhaji duk mun yi ritaya, ni daga koyarwa shi daga aikin gwamnati, mun zo birnin Aberdeen na Sikotland ne wajen 'yarmu da ta haihu. To maƙwabtanta wasu mata da miji ne 'yan fansho irinmu, su suka matsa lallai sai mun raka su rawar ceilidh, keli suke furtawa, wadda ake yi a wani zauren unguwa ƙarshen Oktoba lokacin Halloween, kowa ya yi shigar da ya ga dama. Ni ba bikin Halloween na je yi ba, ba namu ba ne, haƙƙin maƙwabtaka na je saukewa don matar nan kullum sai ta leƙo ta gaida mai jego.

Lokacin kaka ne a wajensu, ganye duk ya zube, kuma ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba suke mayar da agogo baya da awa ɗaya, saboda haka wajen huɗu da rabi rana ta faɗi. Wannan ya yi mana daɗi ta wani ɓangaren don mun yi magariba da isha'i a gida kafin mu fita, zauren babu wurin sallah, kar ma ka sa rai. Kafin mu fita yara sun buga ƙofa da shigar dodanni, ni na ɗauka alawa kawai za a miƙa musu ashe a Sikotland sai yaro ya yi waƙa ko ya ba da abin dariya tukuna a sallame shi, wallahi sak tashen azumi.

Maganar kaya kuwa, maƙwabcin ya so ya kai Alhaji shagon hayar kilt, wannan zanen ulu mai ninki da mazansu ke ɗaurawa, Alhaji na ganin tsayinsa iya gwiwa ne ya ce a kai kasuwa. Babbar rigarsa ta shadda ya saka da hula zanna, ni kuma leshi da mayafi. Muna shiga zauren ga mayu ga 'yan fashin teku, wani tsoho ya yi shigar kabewa cikinsa ya cika rigar tam, matar maƙwabcin namu ta zo da doguwar hula baƙa da tsintsiya. Sai ga mutane na ta zuwa suna yaba wa Alhaji wai shigarsa ta fi ta kowa, har wata ta ce a sa shi cikin gasa. Abin ya ɗan sosa min rai gaskiya, kayan da mutum ke zuwa masallacin Juma'a da su ne fa. Maƙwabciyar ce ta yi musu bayani, suka yi ta ba da haƙuri, shi ko gogan naka ko a jikinsa sai gyara hannun riga yake.

Makaɗan mutum uku ne, mai goge irin nasu, mai akodiyon da mai ganga, sai na huɗu wanda shi ne ainihin abin da ka biya kuɗi dominsa, wato mai kiran rawa. Shi zai tsaya da makirfo ya ce kowa ya kama abokin rawarsa, ya sa a taka a hankali babu kiɗa har sai an gane, sannan a saki kiɗa yana ci gaba da faɗin abin da za a yi. Ba sai ka iya komai ba kafin ka je. Matsalar ɗaya ita ce harshensa, mutanen wannan yankin suna da karin magana nasu da suke kira Doric, ni da na yi shekaru ina koyar da Turanci rabin abin da yake faɗa wuce ni yake, ga lasifikar zauren tana amsa kuwwa. Ƙafafun na gabana na riƙa kallo.

Ga abin da na fi so a sani. Rawar nan iri-iri ce, wata kai da matarka ne daga farko har ƙarshe, wata kuma musayar abokin rawa ake yi, kuma mai kiran ba lallai ya faɗa tun farko ba don su a wajensu ba wani abu ba ne. Gay Gordons, wadda da ita aka buɗe, bibbiyu ake yi: taku huɗu gaba, a juya, taku huɗu da baya, a maimaita, sai mijin ya ɗaga hannu matar ta juya a ƙarƙashi. Wannan mun yi ta ni da Alhaji, rabon da ya riƙe hannuna a gaban mutane ni dai ban tuna ba, ina jin shi yana ƙirga ɗaya biyu uku huɗu da Hausa ƙasa-ƙasa kamar mai lissafin fansho. St Bernard's Waltz ma bibbiyu ce kuma a hankali ake yinta, ta dace da masu ciwon gwiwa. Amma Dashing White Sergeant uku-uku ake tsayawa a fuskanci wasu ukun a kama hannu a zagaya, ita ko Strip the Willow layi biyu ake yi maza da mata, ka saƙala hannu da kowa a layin ɗaya bayan ɗaya ana wulwula ka. Waɗannan na koma kujera na zauna, kuma babu wanda ya takura min, na ce a'a sau ɗaya aka ƙyale ni. Alhaji ya shiga wata ta zagaye tsakanin maza biyu, hannun babbar riga ya sauko ya naɗe takobin robar wani ɗan fashin teku, sai da aka tsaya aka warware su ana ta dariya. Duk mai niyyar takawa ya sa kaftani.

Da aka je hutu aka kawo stovies, dankalin turawa ne da albasa da nama a dafa har ya farfashe, da biskit ɗin alkamar oat da jan gwoza a gefe. Naman ba mu san yankansa ba, saboda haka 'yarmu ta riga ta yi waya an ajiye mana wanda babu nama, sai dai sai ka faɗa lokacin sayen tikiti, a ranar ba za ka samu ba. Ba yaji ko kaɗan, Alhaji ya ce Hajiya ina ma kin zo da yajinki a jaka. Akwai wurin sayar da giya a can ƙarshen zauren, mu shayi muka sha, kuma ban ga wanda ya yi tangaɗi ba, yawancinsu sun haura sittin rawar ce ta kawo su.

Zafi ne abin da ya fi damuna, waje sanyi kamar me amma ciki an rufe tagogi ga hita ga mutane na tsalle, leshina ya jiƙe sharkaf, kuma wurin rataye riguna ƙarami ne sai da muka yi ta tonon kwat ɗinmu a ƙarshe. Ruwan sha ma ya ƙare da wuri. Cikin biyar na ba su huɗu, ɗayan na cire saboda lasifika da zafin nan. In za ku je ku sa takalmi mara tsini, ku zo da gorar ruwanku, kuma kafin a fara kowace rawa ku tambayi na kusa da ku ko ta musaya ce.