Shagon littattafan aljanu da sadaukai a bakin Kasuwar Sabon Gari

Duk wanda ya daɗe bai leƙa wajen masu sayar da littattafan Hausa da ke gefen Bata a Kano ba, zai yi mamakin yadda littattafan makaranta da na addini suka mamaye kantocin da a da suke maƙare da ƙagaggun labarai. Sai dai akwai wani ɗan shago, wanda bai fi ɗakin soro girma ba, da har yau yake riƙe da littattafan yaƙi da na aljanu da matsafa da mayu, kuma can na je har sau uku a watan jiya domin in haɗa wa ƙanena abin karantawa a lokacin hutu.

Mai shagon dattijo ne, kuma shi da kansa yake ɗaukar nauyin buga wasu daga cikin littattafan. Marubuci yakan kawo masa rubutu su yi ciniki, ya kai maɗaba'a, sannan ya rarraba wa 'yan sari masu zuwa daga Katsina da Gusau da Maraɗi. Haka Adabin Kasuwar Kano yake gudana tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuta suka gaji da jiran manyan kamfanonin buga littattafai irin su NNPC ta Zariya, suka shiga buga ayyukansu da kuɗin aljihunsu. Abin da ya fi burge ni shi ne dattijon ya karanta hajarsa. Da na faɗi abin da nake nema, sai ya ce, "Malam, shekarun yaron nawa?" Da ya ji goma sha huɗu ne, ya janye wani labarin ƙungiyar asiri da na riga na ɗauka, ya ce zubar da jinin da ke ciki ya fi ƙarfin yaro, ya miƙo mini na wani sadauki mai yaƙi da dodanni, alhali wancan ya fi wannan tsada.

Kantar labaran kimiyya kuwa kusan wayam take. Abin da ya samo mini shi ne wani tsohon kwafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata. Abin takaici ne a ce fiye da shekara 50 bayan an kai yaron Bahaushe sararin samaniya a cikin littafi, ba a sami magadan da za su cika ko da kanta ɗaya ba. Dattijon ya ce matasan da ke taɓa irin wannan rubutu sun koma WhatsApp da Wattpad, inda babu kuɗin takarda.

Inda shagon ya gaza shi ne ingancin bugu. Takardar irin ta jarida ce, tawadar wani shafin tana ɓullowa ta bayansa, bangon kuma da fil biyu kawai aka ɗafe shi. Ina yi masa uzuri a kan wannan, domin takarda daga waje ake shigo da ita, kuma farashinta ya yi tashin gwauron zabo bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Amma tsadar takarda ba ta hana a nemi mai duba ƙa'idojin rubutu. A littafi ɗaya an zubar da haruffa masu ƙugiya gaba ɗaya, har baƙin aljani ya koma bakin aljani, a daidai wurin da ya kamata tsigar jikin mai karatu ta tashi. Wani kwafin kuma na tarar shafuka takwas a kife, ko da yake ya canza mini shi ba tare da musu ba.

Babbar matsalar ita ce ta labarin da aka raba kashi huɗu. Na sayi na ɗaya zuwa na uku, ƙanena ya cinye su cikin kwana biyu, na koma neman na huɗu, sai aka ce mini marubucin bai kawo shi ba tukuna, ga shi an bar jarumi ɗaure a kogon matsafa. Ya kamata a ce an sanar da ni hakan tun kafin in biya. Mai niyyar zuwa ya je da hantsi kafin cunkoso, kuma ya nemi a ɗora masa littafin ƙarshe a kan tebur kafin ya zaro kuɗi.